Bankunan Musulunci: A Kasa Mana Bashin Kashi-Kashi

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, tun daga watan Janairu na 2012, sa'ad da bankin Jaiz ya buɗe ƙofofinsa da rassa uku kacal a Abuja da Kaduna da Kano, muhawarar da aka fi yi a kan bankin Musulunci a ƙasar nan ita ce ta halacci. Wasu na tambaya ko ribar murabaha ba kuɗin ruwa ba ne aka sake wa suna, wasu kuwa na ja da ba da lasisin ma baki ɗaya. Wannan muhawara ta yi amfaninta, ta kuma lafa. Bankin TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, kana Alternative a 2023, har ya zama da yawa daga cikinmu ta can ne albashi ko kuɗin makaranta ke shigowa. To, tun da kuɗinmu ya riga ya shiga, lokaci ya yi da za mu koma ga wata tambayar, wadda ba ta da daɗin ji a wurin taro amma ita ce ke raya banki ko ta kashe shi. Kuɗin nan da ake bayarwa yana dawowa? In kuwa ba ya dawowa, a hannun wa yake maƙalewa?

Ma'aunin da aka saba amfani da shi wajen amsa wannan tambaya mai sauƙi ne. Akan tara duk kuɗin da banki ya bayar wanda lokacin biyansa ya wuce da fiye da kwana 90, a raba shi da jimillar abin da bankin ya bayar, sai a sami kashi kaza cikin ɗari. Shi ne maƙalallen bashi. Babban Bankin Nijeriya ya sa kashi 5 cikin ɗari ya zama iyakar da ba ya son banki ya ƙetare. Ƙa'idojinsa na 2010 sun ma jera bashin hawa uku: wanda ya wuce kwana 90 a ware masa kashi 10 cikin ɗari don tsoron asara, wanda ya kai kwana 180 a ware masa rabi, wanda ya kai kwana 360 kuwa a ɗauka ya tafi. Kowace shekara bankuna kan fito da wannan adadi guda a rahotonsu, jaridu su buga, masu hannun jari su tafa in ya yi ƙasa da biyar, kowa ya watse.

Ra'ayinmu shi ne adadi guda bai isa ba, kuma a bankin Musulunci rashin isarsa ya fi muni. Dalili kuwa, wanda ya ajiye kuɗi a bankin kuɗin ruwa bashi ya ba bankin, an kuma yanka masa abin da zai samu ko bankin ya ci ko ya faɗi. Amma wanda ya buɗe asusun ajiya a kan yarjejeniyar mudaraba abokin tarayya ne. Shi ne mai dukiya, banki kuwa mai juya ta. In an ci riba a raba bisa kason da aka yi alkawari, in an yi asarar da ba ta sakaci ba ce, a ka'idar fiƙihu, mai dukiya ne ke ɗauka. Watau duk nairar da ta maƙale a hannun wani attajiri, daga ribar ɗalibin da ya tara kuɗin makarantarsa ake zaftare ta. Gaskiya ne hukumar NDIC na ba ajiya inshora, amma wannan sai ranar da banki ya rushe. Ba ta biyan kowa ribar da ta ragu. Saboda haka mai ajiya na da hakkin ya san inda aka kai dukiyarsa, kamar yadda wanda ya ba da kiwo ke da hakkin ya leƙa garke.

Bari mu kawo misali na lissafi kawai, don a ga abin da adadi guda ke iya ɓoyewa. A ce wani banki ya ba da naira biliyan 100. Biliyan 60 ya saya wa ma'aikata motoci da kayan gida, ana cire kuɗin daga albashi, kashi 1 cikin ɗari ne kaɗai ya maƙale. Biliyan 10 ya ba ƙananan 'yan kasuwa, kashi 5 ya maƙale. Sauran biliyan 30 kuwa ya raba wa manyan kamfanoni goma, kowanne uku-uku, ɗaya daga cikinsu ya kasa biya. In aka tara, abin da ya maƙale biliyan 4.1 ne, watau bankin bai ƙetare iyaka ba, ana iya yaba masa. Amma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan cuta a jikin mutum guda take, kuma ranar da kamfani na biyu ya bi sahun na farko, adadin zai haura zuwa 7.1 a dare ɗaya. Har wa yau, in shugabannin bankin suka ga ƙarshen shekara ya ƙarato, suka yi maza suka ba da sabon kuɗi na biliyan 40, adadin zai sauko ƙasa da kashi 3 alhali ko kwabo ba a karɓo ba, domin sabon bashi bai isa yin latti ba tukuna. Haka nan ana iya ƙara wa mai bashi wa'adi, ko a share bashin daga littafi, adadi ya yi kyau. Tsintsiya ce kawai aka sa aka tura shara ƙarƙashin tabarma.

Kada a ce wannan lissafin allo ne kurum. Ƙasar Indonesiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi tsawon shekaru, ta kuma riga mu shiga wannan harka da shekara ashirin, ta ga abin a zahiri. Bankin Muamalat, na farko irinsa a can, ya fara aiki a 1992. A rikicin tattalin arzikin 1998 abin da ya maƙale masa ya haura kashi 60 cikin ɗari, sai da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi na Jidda ya zuba masa jari a 1999 kafin ya farfaɗo. Bayan ya miƙe, sai ya karkata ga manyan kamfanoni, har da na haƙar ma'adinai, domin ba mutum ɗaya kuɗi mai yawa ya fi sauƙi a kan bin dubban ƙananan mutane. Da farashin kayan da ƙasar ke fitarwa ya faɗi, sai maƙalallen bashinsa ya kai kashi 7 cikin ɗari a 2015. Bankin ya yi shekaru yana neman mai ceto. A 2021 aka miƙa wa wani kamfanin gwamnati kula da rubabbun kadarorinsa na kimanin rupiya tiriliyan 10, hukumar da ke riƙe da kuɗin ajiyar maniyyata aikin Hajji kuma ta zama mai mafi yawan hannun jari a cikinsa. Abin da ya durƙusar da shi 'yan manyan basusuka ne da suka taru a rukuni guda.

A cikin ƙasar guda kuma akwai bankin BTPN Syariah, wanda ya zaɓi rukunin da kowa ke gudu, watau matan karkara marasa jingina. Yana haɗa su ƙungiya-ƙungiya, ma'aikatansa na zuwa har ƙauye kowane mako biyu su karɓi biya. A 2019 abin da ya maƙale masa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, ribarsa kuma ta haura kashi 10 cikin ɗari na kadarorinsa, abin da manyan bankuna ba sa ko mafarkinsa. Amma kada mu yi saurin cewa ƙaramin mai bashi kullum shi ne mai amana. Bayan annobar korona shi ma wannan banki biya ya yi masa wuya, ribarsa ta ragu ƙwarai a 2023, kuma an daɗe ana sukar tsadar ribar da yake ɗora wa matan. Daɗin daɗawa, ƙananan bankunan Musulunci na karkara a Indonesiya sun daɗe suna fama da maƙalallen bashi fiye da manyan bankunan, ko da yake su ma talaka suke yi wa hidima. Darasin shi ne kowane rukuni da irin cutarsa da irin maganinsa, kuma ba a gane su sai an ware.

Mun san waɗannan bambance-bambance ne don hukumar OJK mai sa ido a kan harkokin kuɗi a Indonesiya tana buga ƙididdigar bankunan Musulunci wata-wata, a rarrabe: kuɗin juya kasuwanci daban, na kafa jari daban, na biyan bukatar gida daban, ƙananan sana'o'i daban da manya, kowane fanni da kowane lardi da nasa adadin. Ɗalibi na iya ɗauka ya yi nazari ba tare da ya roƙi kowa ba. Abin da muke nema ke nan a nan gida.

Mu ma kuwa ba baƙi ne ga wannan darasi ba. A watan Agusta na 2009 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, kuma kafin shekarar ta ƙare an zuba naira biliyan 620 don tallafar bankunan da suka raunana. A 2010 aka kafa kamfanin AMCON don ya sayi rubabbun basusukan. Da aka bincika, sai aka tarar yawancin kuɗin ya nutse ne a wurare biyu, watau bashin sayen hannun jari da na shigo da man fetur, kuma a hannun mutane ƙalilan. Waɗannan bankunan kuɗin ruwa ne, amma barin riba ba ya yi wa banki rigakafin zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya.

To, yaya za a kasa bashin? Mu a ganinmu ta fuska huɗu ne.

Ta farko, ta fuskar mai karɓa. Ma'aikacin gwamnati, da mai shago a Kantin Kwari, da manomin shinkafa a Kebbi, da mai odar kaya daga Sin, ba abu ɗaya ne ke hana su biya ba. Ma'aikaci yakan gaza ne in jiharsa ta riƙe albashi. Manomi ambaliya ce ko fari ko 'yan bindiga. Mai oda kuwa canjin kuɗi ne, kamar yadda aka gani bayan an saki naira ta nemi darajarta a watan Yuni na 2023. Lalle bankuna kan sa jadawalin fannoni a ƙarshen rahotonsu na shekara, amma layi guda mai suna "kasuwanci" yakan haɗe mai tireda da mai jiragen ruwa, wannan kuwa ba rarrabewa ba ce. A faɗa mana girman bashin: nawa ne ƙasa da miliyan ɗaya, nawa ne sama da biliyan, kuma kashi nawa ne ke hannun manyan masu bashi ashirin.

Ta biyu, ta fuskar yarjejeniya, kuma nan ne bankin Musulunci ya bambanta. A murabaha banki ya sayi kaya ya sayar da riba sananniya, farashi ya zauna ke nan. In mai saye ya yi latti ba a ƙara masa ko sisi don amfanin banki, tarar da aka ci shi ma sadaka ake bayarwa. Saboda haka jinkirin wata shida a lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kamar a 2024, asara ce ta gaske ko da an biya daga baya. A ijara kuwa kayan na banki ne, yana iya karɓe abinsa. A salam banki ya biya manomi tun kafin girbi, haɗarinsa shi ne amfanin gona ya ƙi. A musharaka da mudaraba, in ciniki ya faɗi ba da ha'inci ba, wannan ba ƙin biya ba ne, asarar tarayya ce. Wanda ya zuba waɗannan duka a mudu ɗaya ya auna, bai san abin da ya auna ba.

Ta uku, ta fuskar wuri. Sa'ad da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, har zuwa Maris na 2024, fataken Jibiya da Illela da Maigatari sun ga tsayawar ciniki wadda ɗan kasuwar Ikko bai ji ko ƙamshinta ba. In bashi ya maƙale a irin waɗannan rassa a wannan lokaci, ba a ce mutanen wurin maciya amana ne ba.

Ta huɗu, ta fuskar lokaci. A bi kuɗin da aka bayar a shekara guda, a ga kashi nawa ya lalace bayan wata goma sha biyu, da bayan ashirin da huɗu. Wannan shi ke toshe dabarar nan ta rufe tsohon rami da sabuwar ƙasa. A kuma faɗi nawa aka ƙara wa wa'adi, nawa aka share.

Sa'an nan sai a ɗora wannan a kan sikeli guda da riba, domin maƙalallen bashi rabin labari ne. Mu koma ga bankinmu na misali. A ce kowace naira ɗari da ya ba ƙananan 'yan kasuwa tana kawo ribar 25, ya kashe 10 wajen ma'aikatan da ke bin su, ya yi asarar 5, saura 10. A ce ta manyan kamfanoni tana kawo 12, ɗawainiyarta 1 ce kacal, amma asararta 10, saura 1. Rukunin da ya fi wahalar bi shi ne ya fi ciyar da bankin. Manajan da ba ya wannan lissafi zai kalli gumin da ƙananan ke sa shi, ya rufe musu ƙofa, ya koma ga masu albashi da takardun sukuk na gwamnati, waɗanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017. Littafinsa zai yi tsabta, amma bankin da aka kafa don ya kai jari ga mai sana'ar da ke gudun riba zai zama wurin saya wa ma'aikata firiji da mota kurum. Wannan ma gazawa ce, ko da adadi bai nuna ta ba.

Mun san za a kawo hanzari. Za a ce sirrin abokan ciniki amana ne, kuma gaskiya ne. Amma ba sunan kowa muke nema ba, jimillar rukuni muke nema. Za a ce aikin na da tsada, alhali kuwa duk bayanan na cikin kwamfutocin bankunan, kuma suna aika wa Babban Banki fiye da haka. Hanzarin da ya fi nauyi shi ne wanda ke cewa in aka bayyana cewa bashin manoma ko na wata jiha ya fi maƙalewa, bankuna za su sami hujjar guje musu gaba ɗaya. Wannan tsoro ne na gaske, ba mu raina shi ba. Amma mu duba: yanzu ma ana guje musun, da hujjar ji-ta-ji-ta, ba su kuma da abin da za su kare kansu da shi. In akwai ƙididdiga, rukunin da aka yi wa ƙazafi zai wanke kansa, wanda kuma da gaske yake da matsala za a nemi dalilinta, ko wa'adin biya ne bai dace da lokacin girbi ba, ko inshorar takaful ce babu. Shari'a kanta ta raba tsakanin mai bashin da ke cikin ƙunci, wanda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a saurara masa, da mawadacin da ke jan ƙafa, wanda hadisi ya kira aikinsa zalunci. Bankin da ke auna su da adadi guda ba shi da hanyar bin wannan umarni.

Saboda haka muna kira ga Babban Bankin Nijeriya da ya riƙa buga ƙididdigar bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa a rarrabe, a kai a kai, inda kowa zai iya gani. Muna kira ga bankunan da su bai wa masu asusun mudaraba takarda guda kowace shekara, da Hausa da sauran harsunan abokan cinikinsu, mai nuna inda kuɗi ya tafi, da abin da ya dawo, da abin da ya maƙale a kowane rukuni. Muna kira ga malaman da ke zaune a kwamitocin Shari'a na bankunan da kada su tsaya ga duba lafazin yarjejeniya kaɗai. Su tambayi wa aka yafe wa bashi bana, wa aka sayar wa da gida, domin in ana ƙara wa babba wa'adi a ɓoye ana kai ƙarami kotu, to, ko lafazi ya inganta adalci bai inganta ba.

Mu ɗalibai kuma, musamman na sassan tattalin arziki da lissafin kuɗi da cibiyar nazarin bankin Musulunci ta Jami'ar Bayero, mu rage rubuta kundin da ke auna ra'ayin jama'a game da bankin Musulunci, an yi wannan ya isa. Rahotannin shekara na bankunan suna nan a intanet kyauta. Mu ɗauke su mu kasa, mu kwatanta da na Indonesiya, mu nuna gurbin da aka bari. Waɗanda suka sayi hannun jari a cikinmu, ko na dubu biyar ne, suna da damar tashi a taron shekara su yi tambaya.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa ma'aikata, mu ma rukuni ne a cikin wannan lissafi, kuma mu ne aka fi amincewa da mu. Wanda ya karɓi mota ta murabaha sa'an nan ya karkatar da albashinsa zuwa wani banki don ya ɓuya, ya sani tun daga Agustan 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar cire kuɗinsa daga duk asusun da mai bashi ke da shi a wani banki. Ko babu wannan ma, kuɗin da ya riƙe na abokin aikinsa ne, da na gwauruwar da ta ajiye gadon marayunta. Ba za mu nemi a tona asirin rukunin manya ba alhali namu rukunin na ruɓewa. Mu biya namu a kan lokaci, sa'an nan mu buɗe baki mu tambayi na saura. Allah Ya sa mu dace.